Igiyar Shanyar Mama

"Mayar da shi baya mu sake gani!" in ji Baba, yana dukan hannun kujera.

Tallan wani fim ɗin faɗa ne da za a saki, wanda Yaya ya yi musu aikin ɗaukar kaya. Duk mun taru a falo muna kallo a wayata. Ana ta harbi da guje-guje, sai wata tsohuwar mota ta fasa shingen gada ta faɗa kogi.

Baba ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. "Mai motar nan ya shiga uku! Ko wane sakarai ne ya ba da aronta?"

Yaya sai sharar gumi yake, ga fanka tana juyawa.

Mama ta karɓi wayar, ta tsayar da hoton, ta ƙura masa ido. "Malam, ƙofar bayan nan da aka ɗaure, ba igiyar shanyata ba ce?"

Dariyar Baba ta ɗauke. Ya juyo a hankali.

"Kai, ba cewa ka yi motata tana hannun bakanike ba?"

Yaya ya matsa bakin ƙofa. "Tana hannunsa mana, Baba. Shi ne ma yake tuƙin."