Munduwar Mai Lalle

Tun da injuna suka karɓe aikin hannu, doka ta hana kowa sayar da nasa sai da munduwar hukuma a hannu. Muddin ranka na son aikin, kore take haskawa. Ranar da ta yi ja, ka yi sallama da sana'a.

Tasalla ta taso tana zana wa ƙannenta lalle don sha'awa kawai, har ya zama abincinta. Yau a gidan biki bayanta ya ƙage, ƙawayen amarya sun yi layi, sai munduwar ta fara komawa ruwan ɗorawa.

Uwar amarya ta sunkuyo, ba zanen take kallo ba.

"Baiwar Allah, ni fa ba a yi wa 'yata lallen dole."

"Gajiya ce kawai, Hajiya."

Tasalla ta tuno kakarta tana kwaɓa lalle a tsakar gida, amma hasken sai ƙara dosar ja yake. Ta ci gaba da zana ƙafar amarya. Ta ce a ranta, wallahi daga wannan ƙafar na bar lalle har abada.

Daɗin wannan shawarar ya cika ranta, nan take munduwar ta yi kore shar.

"Masha Allah," in ji Hajiya. "Kun ga mai son sana'arta."