Mai Riƙon Likkafa

Da aka kira lambarsa, saurayin ɗan Indiya ya fito filin gwajin hawan doki. Shi ya zo na uku cikin mutum ɗari biyu a jarrabawar shiga aikin mulkin Indiya, nan Landan, amma ba a ba wanda bai iya hawan doki ba gunduma. Sau biyu yana ƙaryar zazzaɓi don ya guje wa gwajin. Yau ce damarsa ta ƙarshe.

"Yaya, yi wa dokin magana da harshen Latin mana, ko zai durƙusa maka," in ji abokinsa ɗan garin Madaras, da dariyar da ba ta kai ciki ba.

Aka jawo wani jan ingarma yana turjiya, ya riga ya kayar da mutum biyu. Kanar mai jarrabawar ya ɗaga alƙalami.

Babu wanda ya san ubansa ya shekara talatin yana bara, yana gudu a gefen dokin wani Bature a birnin Kalkata. Shi kansa a barga ya girma, amma ɗan barga ba ya hawa.

Ya matsa, ya yi 'yar ƙara da harshe irin ta ubansa, ya shafa wuyan dokin. Doki ya yi laƙwas. Ya gyara sirdi, ya kama linzami da hagu, ya riƙe likkafa da dama, ya sunkuyar da kai, ya tsaya kamar yadda ubansa ke yi wa maigidansa.



"Wa kake jira?" in ji Kanar.

Sai wani tsohon Bature da ke kula da dawakan wurin ya zare likkafar daga hannunsa a hankali, ya riƙe masa.

"Kai ne mai hawa, yallaɓai."