Safar Hannun Kawu Bala

Shekarar da rana ta yi husufi, da damina, Kawu Bala mai koya mana ƙwallo ya tara mu bayan la'asar, don za mu kara da yaran Bakori. Safar hannu ɗaya gare mu, ta roba, wadda yake feshin gona da ita, kullum tana warin magani. Wanda aka ba ita shi ne gola.

Na fi Iliya abokin wasanmu tsawo, na fi shi tsalle, amma shi aka ba. Ni kuwa da safe na ga shanun babansa suna yi wa Kawu huɗa.

Na ce, "Kawu, tsakani da Allah, iya kamu ne ko huɗa?"

Ya ce, "Kai in an ci ka, wanda za ka zaga kake nema. Shi in an ci shi, ƙwallo yake nema. Huɗa kuwa, gobe ni da kai za mu rama da fartanya a gonarsu, bakinka ya huta."

Mun rama har azahar. Allah ya jiƙan Kawu, ban san shi da ƙarya ba. Amma na lura sai da ya kau da kai kafin ya amsa.