Ƙaurin Roba a Murhun Iya

Shekarar da soja suka miƙa mulki, malaminmu ya shirya gasar jiragen kara masu tashi da roba a Gwale. Nawa ya fi daɗewa a sama, sai iska ta jefa shi gidan Iya mai waina. Malam ya ce sai na kawo shi zai ba ni kyautar.

Na tarar tana hura wuta da kara.

"Iya, jirgina fa?"

"Wane jirgi, ɗan nan? Gidana filin jirgi ne?"

Amma ƙaurin roba nake ji daga murhunta. Ban sake gaishe ta ba har ta rasu. Sai daga baya jikarta ta ce mini kullum da guntun roba Iya take kunna wuta. Allah ya jiƙan Iya.