Murhun da Ya Ji Sirrin Kaka

Tun da doka ta hana maƙera narka ƙarfe sai manhaja ta lissafa haɗin, Tanimu ya sa aka ɗora masa ita a murhu, har murhun ya koma yana ji yana magana. Amma bai bar al'adar gidansu ba. Kafin ya zuba tagulla da kuza, sai ya raɗa wa wuta awon da kakansu ya bar musu.

Yau ya raɗa, wuta ta ƙi tashi.

Murhun ya ce, "Wannan haɗin yana da mai shi. Wani kamfani ya yi masa rajista."

Ƙaninsa Ɗanladi ya dafe ƙirji. "Yaya, wa ka gaya wa?"

"Wallahi ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba!"

"Haka ne," in ji murhun.