Direban Randa

Tunda ka ce sana'a za ka kama, matso ka ji wannan misali kafin ka ɗaura ɗamara.

An yi wani saurayi, Sallau, da mahaifinsa ya rasu ya bar masa ɗan gado. Ya haɗa kan abin ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya ce zai riƙa kwashe wa masu tashi daga gida kayansu. To amma mota ba ta san gidan da za a tashi ba. Dillalin gidaje ne ya sani, don shi ke karɓar makulli a hannun mai fita ya miƙa wa mai shiga. Kwana goma sha ɗaya Sallau yana zuwa gindin dalbejiyar da dillalai ke zama, ya gaishe su, ya goge motar da babu abin da ya ɓata ta, ya koma gida. A rana ta goma sha biyu wani dillali mai suna Barau ya yafito shi.

"Kai mai sabuwar tsohuwa, zo nan. Akwai wata gwaggo da za ta koma wurin 'yarta a bayan gari. Ka sauke kayanta kafin azahar, kayan wani ma'aikaci na jiran ka, ɗaki uku. In ka makara, kada ka ƙara gaishe ni."

Kayan Gwaggo Tabawa ba su da yawa: gadon ƙarfe, turmi, akwati, ƙullin tufafi. Nan da nan aka loda. Saura wata randa a kusurwar tsakar gida, ta nutse cikin yashi, gindinta ya yi kore don daɗewa. 'Yar ta ce a bar ta, hanyar duk ramuka ce, ba za ta kai ba. Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta dai ɗora tafin hannunta a wuyan randar kamar mai duba zafin jikin jariri, ta ce shekara arba'in da ɗaya mijinta, marigayi Malam, yana shan ruwanta, kuma a cikinta aka ɗebi wanda aka yi masa wankan ƙarshe. Daga nan ta bi 'yarta suka hau adaidaita, suka yi gaba.

Sallau ya tsaya shi kaɗai da randa. Ya tuna ranar da suka bar nasu gidan bayan sadakar arba'in, yadda 'yan dako suka wurga butar babansa ta ƙasa a bayan mota, ya tsince ta guntu-guntu. Har yau bakin butar na cikin akwatinsa, ya kasa yar da shi. Sai ya kwashe ruwan, ya tone yashin da hannu, ya naɗe buhu ya yi gammo a kujerar gaba, ya zaunar da ita a kai, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata, ya ɗaure ta da bel kamar fasinja.

Tafiyar da ake yi kafin shayi ya huce, ita ya yi kamar mai raka gawa. Kowane rami sai ya tsaya ya lallaɓa. Masu babur suna danna masa ham. Wani direba ya zo wucewa, ya leƙo, ya kwashe da dariya: "Malam, amarya ce ka ɗauko? Sannu direban randa!" Yana tsakiyar hanya ya ji an kira azahar. Ya san abin da ya wuce shi. Ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur, ya waiwaya ya dubi randar, ya sassauta.

Ya tarar da Barau a ƙofar gidan 'yar Gwaggo yana huci, ya riga ya ba wani aikin ma'aikacin. "Da jaki na ɗauko ai da ya riga ka," in ji shi. Bai rufe baki ba Gwaggo ta fito. Ta ga abin da ke kujerar gaba, ta yi tsaye. Da aka sauke, ta lanƙwashe yatsa ta ƙwanƙwasa cikin randar, don randa mai tsaga muryarta a dishe take. Wannan kuwa ta amsa garau. Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya sanyaya maka kamar yadda ta sanyaya masa."

Barau ya dubi gammon, ya dubi bel ɗin, ya ce, "Sa rigarka, kada a ce mahaukaci na kawo wa mutane."

Da yamma ya ba da labarin a gindin dalbejiya don a yi dariya, aka kuwa yi. Amma dillali da bakinsa yake cin abinci, kuma babu abin da yake tsoro kamar a fasa kaya, don shi za a biyo har gida da ƙorafi. Kowa ya yi dariyarsa ya adana sunan. Duk gidan da ke da madubi mai tsayi, ko kwabet ɗin tangaran, ko wani abin da mamaci ya bari, sai ka ji an ce, "A nemo direban randa." Barau ne ma ya fara kiransa, bayan kwana biyu, ba tare da ya nemi gaisuwa ba.

Har yanzu Sallau ba ya sawu uku a rana kamar sauran direbobi. Ɗaya yake yi, wata rana biyu, amma motarsa ba ta ƙara wuni a gindin bishiya ba. Sunan da aka zolaye shi da shi ya sa aka rubuta masa a bayanta da jan fenti. In aiki ya bi da shi ta bayan gari, yakan tsaya ya gaida Gwaggo, ta miƙo masa moɗa cike, ya sha a tsugune, sanyin ya ratsa shi har ƙirji.

Ka ga dai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.