Kunyar Suruki Ta Ci Gonar Tambaya

Gonar Tambaya tana bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke fara sauka kafin ya kai wa kowa. Mahaifin matarsa Hajara ne ya yanka masa ita kyauta a gaban limamin garinsu. Shinkafa da damina, tumatir da rani, da ita yake ci da iyalinsa.

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa maza, Uba da Sagiru, suka maka juna a kotu kan gado. Sagiru ya shaida wa alƙali cewa wannan gonar kyauta ce, aka cire ta daga rabo. Uba, babban wansu, ya ƙi yarda, ya ɗaukaka ƙara.

Hajara ta sami mijinta ta ce, "Malam, ka je. An ce duk wanda hukunci zai taɓa kayansa yana iya roƙon a saka shi cikin shari'ar, ko ba shi aka yi ƙara ba. Liman ma ya ce zai raka ka."

"Ni in tsaya gaban alƙali ina ja-in-ja da yayanki? Mutumin da ko sunansa ba na kamawa? Rigimar 'yan gida ɗaya ce, ba ruwana."

Haka Tambaya yake. Kunya ta yi masa katutu, in ya hango Uba tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ranar zaman kotu sai ya saɓi fartanya ya tafi ban ruwa, wai yana kawaici.

Uba kuwa ba ya kawaici da ƙasa. Ya ja ƙanensa gefe ya yi masa alkawarin rabin gonar, nan take Sagiru ya lashe amansa, ya ce aro ne ba kyauta ba. Babu wanda ya tashi ya musa. Kotu ta mayar da gonar cikin gado, ta faɗa hannun Uba, Hajara kuma aka ba ta kasonta can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya kaiwa.

Sai a lokacin Tambaya ya ruga wurin lauya a Kano. Lauyan ya ce har yanzu ana iya neman izinin kotu, amma wa zai shaida kyautar? Liman ya riga ya rasu ana tsakiyar shari'a.

Shinkafa ta nuna, Uba ya zo da masu yanka. Tambaya ya durƙusa a kan kunyar gonar ya ce, "Yaya, ko amfanin bana a bar mini. Ni na shuka."

Uba ko kallonsa bai yi ba. "Da ake shari'a ina ka shige? Wa ya tare maka ƙofa? In aiki kake so ga lauje can, da yamma ake sallamar 'yan ƙwadago."

Takaici ya kama Tambaya. Ya tuna babu ko ƙwayar hatsi a gida. Ya miƙe ya ɗauki laujen, ya shiga layi yana yanke wa wani shinkafar da ya shuka da hannunsa.

Jama'a, in shari'a ta shafi haƙƙinku, ku nemi kotu ta saka ku tun ana yi, ko a matakin ɗaukaka ƙara ne. Alƙali ba ya jin wanda ya zauna a gida, kuma neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.